LALLEN LAMBA TARA

Shafi na 19

Da sunan Allah mai jinƙai nake buɗe wannan shafin.

Masu cewa na ɓuya, ku yi haƙuri, ba ni ba ce, sabis ne. 'Yan ɓangaren Na'ima da 'yan ɓangaren Mutmainna, don Allah a rage zage-zage a ƙasan rubutu. Duka biyun nawa ne.

*

Salmatu ta yi sallama har ta gaji kafin Na'ima ta ɗago kai.

Tana zaune bakin katifa da waya a hannu. Ko hijabin da ta dawo da shi daga makarantar da take koyarwa ba ta cire ba, har da farin alli a gefensa.

"Kyaftin, rasuwa aka yi?"

"Shigo ki turo ƙofar."

Salmatu ta shigo tana ɗingishi. Ita ce golar Taurarin Iyaka, kuma tun faɗuwar da ta yi a wasan ranar Asabar ƙugunta bai saki ba. Ta zube a ƙasa ta miƙe ƙafa.

"In teburin gasar nan kike ta kallo, ki bari. Ko kin cinye shi da ido ba zai ƙara mana maki ba. Mu ne a ƙarshe da tara, Zinariyar Dutsinma na samanmu da sha ɗaya. Ni da ba na son lissafi ma na haddace."

"Jiya da yamma sun buga kwantan wasansu."

"Na sani. In sun ci, mun faɗa, wasanmu da su na Asabar mai zuwa ya zama yawon shan iska. In an ci su, da sauran numfashinmu. To wa zai gaya mana? Garin nan ko gaisuwa ba ta fita daga waya." Ta yi tsaki. "Alhaji Isah mai ɗaukar nauyinmu kuma ya rantse, ranar da muka faɗa ranar zai karɓe motarsa da rigunansa. Kowa ta koma gidan ubanta ta ci gaba da wanke-wanke."

"Ba tebur nake kallo ba."

Ta miƙa mata wayar.

Tun da ƙarfen sabis ɗin garin ya lalace, duk mai son leƙa duniya sai ya hau babur ya je Magama, bakin iyaka, inda layin Nijar ke kamawa. Jiya da rana Na'ima ta raka mahaifiyarta can sayen taliya. Kamar kullum, ƙafarta na taɓa ƙasa ta kunna data. Ita ba ta iya ganin sakamakon ƙwallon mata ta wuce. Na shiyyarsu, na Kano, na Zariya, har na 'yan Maraɗi da ba ta san fuskar kowa ba, duk sai ta bi. A shafin wata ƙungiya, Zakanyun Maraɗi, ta ci karo da bidiyon, ta ajiye shi a wayarta.

Salmatu ta danna.

Hoton na rawa, daga nesa aka ɗauka. Wata 'yar wasa ce ta ba da baya, baƙin hijabi, dogon wando ƙarƙashin gajere. Ta tare ƙwallo da ƙirji, ta juya, ta saki ƙafar hagu. Raga ta girgiza. Wani mutum na ta ihu a bayan wayar.

"Hasiya! Hasiya! Balo ya shiga!"

Aka nuna ƙwallo ta biyu da ta ci. Aka nuna ta uku.

"Kai! Wannan ba ta da imani," Salmatu ta ce. "Allah ya raba ni da ita."

"Ci gaba da kallo."

Bayan ta ukun yarinyar ta durƙusa ta rufe fuska da hannu biyu. Mai ɗaukar hoton ya rugo har gabanta. Na'ima ta sa yatsa ta tsayar da shi a nan.

"Duba hannun hagun."

"Lalle ne. Ke ma kina da shi, ni ma ina da shi."

"Wa ya yi miki naki?"

"Ke mana. Bikin Aishatu."

"Duk 'yan ƙungiya ni na yi musu, zane iri ɗaya. Da na zo kan Mutmainna ledar ta fashe, ya ɗiga mata a wuyan hannu. Ta fara ɓata fuska, na mayar da ɗigon tauraro. Ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo, don hannuna ya gaji. Duba naki. Akwai tauraro?"

Salmatu ta duba hannunta. Ta duba wayar. Ta sake duba hannunta.

"Innalillahi."

"Hasiya sunanta na yanka ne. Sunan kakarta aka sa mata, shi ya sa a gida ake kiranta Mutmainna."

"Amma ce wa Koci Maharazu ta yi kakar ce ba lafiya a Gangara!"

"Ta ce." Na'ima ta gyara zama. "Ranar Asabar, Salmatu. Muna nan 'yan Funtuwa na cin mu ɗaya da nema a filinmu. Ni ina zubar da fenareti, yaran makarantarmu da nake koya wa karatu na ihu a bayan raga, 'A kawo Mutmainna! A kawo Mutmainna!' Ita tana can ana ɗaga ta sama."

Salmatu ta fita daga bidiyon za ta miƙa wayar, sai idonta ya faɗa kan wani abu. Ta miƙe tsaye, ta manta da ƙugu.

"Wannan fa?"

Zauren Sakamakon Shiyya ne, inda kociyoyi da sakatarori da kyaftin-kyaftin na duk ƙungiyoyin gasar ke tura sakamako. A ƙasa ga bidiyon, ga rubutun da Na'ima ta yi bayan ta dawo gida: *Wannan 'yar wasanmu ce, Mutmainna Ɗantala, lamba tara. Ku duba lallen hannunta na hagu.*

A gefensa ɗan agogo ne, alamar saƙo bai tafi ba.

"Na'ima, kin haukace?"

"Bai tafi ba ai."

"Amma kin danna!"

"Na danna."

"Kin san dokar gasar nan! 'Yar wasa ta buga wa wata ƙungiya ana tsakiyar kaka, a dakatar da ita, a kwashe makin duk wasan da ta buga mana. Maki taran nan wa ya ciyo su? Ni? Kuma Zunnuraini na cikin zauren nan, sakataren Zinariya. Mutumin da ya kai ƙarar 'yan Malumfashi don safarsu ba kala ɗaya ba ce! Shi za ki ba wannan?"

"Gaskiya ce dai."

"Gaskiyar me? Rigar ce ke cin ki."

Na'ima ta ɗago da sauri.

"Harare ni da kyau," in ji Salmatu. "Tun ranar da Koci ya cire miki lamba tara ya ba ta, ya mayar da ke tsakiya, ba ki sake dariya har cikinki ba. Ni daga raga nake kallon kowa, ba abin da ke wuce ni."

"Ni na kawo ta! Ni na gan ta a filin firamaren Gangara tana bugawa da maza ba takalmi. Ni na durƙusa gaban babanta Malam Ɗantala har gwiwata ta yi fari kafin ya yarda. Takalmina na cire na ba ta. Yanzu in muka shiga kasuwa, 'Ga Mutmainna can, wace ce wannan ta kusa da ita?'"

"To goge saƙon, sai mu yi kukan tare."

Na'ima ta karɓi wayar. Ta daɗe tana kallon ɗan agogon. Ba ta goge ba. Ta ja allon ƙasa ta kashe data.

"Ga shi, na kashe. Ba inda zai je. Sai na ji ta bakinta tukuna. In ta kalli idona ta yi min ƙarya..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta jawo takalminta.

*

Manyan motoci sun yi layi a Magama har ido ya gaji, suna jiran 'yan kwastan na nan da 'yan duwan na can su gama da su. A gefen layin ne rumfar Gwaggo Rabi, ƙanwar Malam Ɗantala, inda Mutmainna ke zama tana taya ta sayar da shinkafa da wake.

Wani direba da ke cin abinci a benci ya gane su.

"A'a, Kyaftin! Sannu da ƙoƙari. Ƙwallon nan taki ta fenareti, an ce an gan ta jiya ta tsallaka iyaka har Ɗan Isa, jandarmomi sun tsare ta ba takardu."

Benci ya ɗauki dariya. Salmatu ta danne tata da ƙyar.

Na'ima ta sunkuyar da kai ta gaida Gwaggo.

"Lahiya lau, ɗiyata. Ku zamna a zubo maku."

"Mun ƙoshi, Gwaggo. Mutmainna muke nema."

"Tana baya. Tun sahe take wanke-wanke kamar an yi biki, ni ban san mi ya same ta ba."

A bayan rumfar, ƙarƙashin dogonyaro, Mutmainna na durƙushe gaban baho. Kwanukan duk an wanke su an kife. Hannunta take dirzawa. Kusa da ƙafarta ga ɓarin lemun tsami an matse, ga toka a murfin roba. Wuyan hannun hagun ya yi ja har ya fara saɓulewa.

Tauraron yana nan.

Ta gan su, ta tura hannun cikin ruwa.

"Yaya Na'ima. Yaya Salmatu. Sannunku da zuwa."

"Ya jikin Kaka?" in ji Na'ima.

"Da... da sauƙi."

"Alhamdulillahi. Ta warke da ƙafar hagu ko da ta dama?"

Mutmainna ta ƙara nutsar da hannun cikin ruwa.

"Fito da hannun. Jan lalle ne, ba ya fita da toka. Ni na kwaɓa shi."

A hankali ta fito da shi. Ruwa na ɗiga daga yatsunta.

"Kin gani kenan."

"Duk Maraɗi ta gani, Hasiya. Uku! Mu ko sau ɗaya ba ki taɓa yi mana uku ba."

"Yaya, don Allah ki rage murya, Gwaggo ba ta sani ba."

"Yanzu kika san kunya?"

Salmatu ta jawo wani tsohon galan ta zauna tsakaninsu. "Ni dai alƙaliya ce. Duk wadda ta kai hannu, jan kati."

Ba wadda ta kalle ta.

"Inna ce," Mutmainna ta ce. "Kin san tun da sunka rabu da Baba tana Maraɗi. Ana ta kai mata labari, ɗiyarki na cin ƙwallo a Jibiya, ita ba ta taɓa gani ba. Kawu Yahya, ƙanenta, shi ke horas da Zakanyu. Ya ce in zo in buga sau guda, da sunan Hasiya ba mai ganewa. Ban san wani zai ɗauka ya sa a waya ba, wallahi. Sai jiya na gani."

"Allah sarki. Inna." Na'ima ta gyaɗa kai. "Asabar ɗin duniya ta ƙare ne? Sai ranar da muke neman maki kamar mu yi hauka? Ba za ki jira a gama gasa ba?"

"Wasansu na ƙarshe ne."

"Mu kuma namu na wasan yara ne."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Ki faɗa min. Ni ce na zubar da fenareti, ni aka yi wa ihu, ni direbobi ke yi wa dariya. Da kina nan ke za ki buga. Me ya sa kika tafi?"

Mutmainna ta ɗago. Idonta ya cika, amma ba ta kau da shi ba. Tun da Na'ima ta san ta ba ta taɓa kallonta haka ba.

"Ko na zo, ba ki ba ni ƙwallo."

Salmatu ta ce, "Tirƙashi," can ƙasan maƙoshi.

"Me kika ce?"

"Ba ki ba ni, Yaya. Wasan Malumfashi. Ni kaɗai gaban raga, golarsu ta faɗi. Ina ta kira, 'Yaya! Yaya!' Kinka ɗago kinka kalle ni. Ido cikin ido. Sannan kinka buga daga can nesa ta tahi waje."

"Ban gan ki ba."

"Kin gan ni. Da ba ki gan ni ba da ya hi mani sauƙi."

Na'ima na iya tuna wurin har yanzu, ciyawar da ta ƙone a bakin da'ira, lamba taran nan fara tas a rigar yarinyar. Ta tuna yadda ƙafarta ta ƙi.

"Wasan Kankiya ma haka," Mutmainna ta ci gaba. "Duk wadda na ci a bana, ko kuskuren 'yan baya ne ko Yaya Salmatu ce ta doko mani daga raga."

"Ni fa kar a sa ni," in ji Salmatu. "Amma gaskiya ne."

"Can Maraɗi ba su san ni ba. Ko sunana ba su riƙe ba. Amma ina ɗaga hannu sai in ga ƙwallo a ƙahwata. Har na tsaya ina mamaki. Ashe haka ake yi."

Wata babbar mota ta yi hon a layi, aka matsa gaba kaɗan. Hayaƙi ya ratso ta ƙarƙashin bishiyar.

Na'ima ta so ta ji tausayi, sai ta ji ba shi ne a gaba ba. Uku. Ko a lokacin da take kan ganiyarta, tana jami'a ana kiranta a lasifika, ba ta taɓa cin uku a wasa ɗaya ba. Kuma ba ta taɓa juyi irin wancan ba. Ta kalli bidiyon ya fi a ƙirga, kullum a wurin juyin nan take mayar da shi baya.

"To ki koma can mana," ta ce. "Tunda sun iya ba da ƙwallo."

"Kawu ya ce in zamna. Har ɗaki ya nuna mani."

"Sai me ya hana?"

"Na ce ina da Yaya a Jibiya."

"Kar ki yi min daɗin baki."

"Tambayi Koci. Tun farkon kaka na kai mashi rigar nan na ce ya mayar maki. Na ce ya ba ni ko lamba nawa ce, ko arba'in. Ya kore ni, ya ce riga ba gado ba ce." Ta share hanci da bayan hannu. "Kin gane lalle, Yaya. Ba ki gane takalmin ba?"

Na'ima ta tsaya.

Ta ciro wayar, ta buɗe bidiyon, ta kai shi wurin durƙuson. Ta ja hoton ƙasa. Baƙin takalmi mai ratsin ruwan lemo, an ɗinke bakin na hagun da farin zare. Ita da kanta ta kai wa mai gyara a bakin kasuwa, shekarar da ta gama jami'a.

Duk kallon da ta yi, hannun kawai take kallo.

"Ya matse ki ai," ta ce a hankali.

"Ya matse. Kawu ya ba ni sabo, na ce a'a."

Salmatu ta fyace hanci da ƙarfi. "Ni hayaƙin motar nan ne ya shigar min ido, kar wadda ta yi min wani zato."

Na'ima ta durƙusa gaban bahon. Ta kamo hannun hagun ta juya shi. Fatar ta yi laushi, toka ta cinye ta.

"Wawiya. Da kin fasa jini fa?"

"Tsoro nike ji."

"Daina dirzawa. Gobe ki zo gida in ɗora miki sabon zane a kai, fure babba, ko uwar da ta haife ki ba za ta ga tauraro ba. Ki kira Kawunki ya sa a cire bidiyon nan yau ɗin nan. Mu uku muka sani, mu uku za mu mutu da shi. Salmatu?"

"Ni me na gani? Ni ko ƙwallo ba na gani, ku tambayi 'yan Funtuwa."

Mutmainna ta yi dariya cikin hawaye.

"Ranar Asabar kuma," Na'ima ta ce, maganar na yi mata nauyi, "ki tsaya inda zan gan ki. Ki ɗaga hannu."

"Za ki ba ni?"

"Na ce ki ɗaga hannu. Kar ki cika min ciki."

Gwaggo Rabi ta leƙo da babban faranti, shinkafa da wake da mai da yaji, har da yankan albasa a kai.

"Ku da kunka ce kun ƙoshi. Ku ci, ban son gardama. Wai ni kam, ƙungiyar taku ta mutu ko tana da rai? Direbobi sun ishe ni da tambaya."

"Shi ne ba mu sani ba, Gwaggo," in ji Salmatu, har ta kai loma. "Sai mun ji yadda Zinariya ta yi jiya."

Mutmainna ta zaro ido. "Ba ku ji ba har yanzu? Yaya, nan layin Nijar na kamawa! Duba mana, don Allah duba!"

Na'ima ba ta yi tunanin komai ba. Abin da take yi ne duk ranar da ta zo Magama, yatsanta ya san hanya. Ta ja allon ƙasa, ta kunna data.

Wayar ta fara rawa a hannunta. Saƙonnin da suka taru suna ta faɗowa, na makaranta, na dangi, na 'yan biki. Ta ture su duka ta buɗe shafin gasar. Yana ta juyawa. Kawuna uku suka haɗu a kan allon, Gwaggo na tsaye da ludayi.

"Buɗe mana, ɗan banza," in ji Salmatu.

Ya buɗe.

*Zinariyar Dutsinma 0, Gimbiyoyin Daura 2.*

Salmatu ce ta fara ihu. Ta yi tsalle da ƙugun da ke ciwo, ta kusa kifar da farantin.

"An ci su! An ci su, Gwaggo! Muna da rai!"

"Sha ɗaya suka tsaya!" Na'ima na lissafi da ƙarfi, muryarta na sarƙewa. "Mu ci su ko da ɗaya ne, mun zama sha biyu, su ne za su faɗa!"

Mutmainna ta faɗa jikinta ta ƙanƙame ta, jiƙaƙƙen hannunta na ɓata mata hijabi. Gwaggo ta rangaɗa guɗa ba tare da ta gane lissafin ba. Daga gaban rumfa direban nan ya ɗago murya.

"Kyaftin, an sako ƙwallon taki ne?"

Na'ima ta yi dariya. Har cikinta ta yi ta.

Wayar ta sake yin ƙara.

Ta duba tana dariyar. Sakamakon Shiyya. Saƙo ɗaya sabo.

Dariyar ta tsaya.

Ɗan agogon nan babu shi. Layi biyu ne a wurinsa.

"Salmatu," ta ce, muryar ba ta fita sosai ba. "Salmatu, ya tafi."

"Me ya tafi?"

Sai ta tuna. Lomar da ke hannunta ta zube ƙasa.

"Goge! Goge wa kowa, yi sauri!"

Na'ima ta danna ba daidai ba, ta sake dannawa. Kafin ta kai, idonta ya riga ya karanta abin da ke ƙasan bidiyon.

Zunnuraini ne.

*Allah ya saka da alheri, Kyaftin Na'ima. Ba sai kin goge ba, na riga na ajiye. Gobe da safe ina ofishin gasa.*

Mutmainna ba ta sake ta ba tukuna. Haɓarta na kan kafaɗar Na'ima, idonta na kan allon. A hankali take karatun boko, sai ta motsa baki. Na'ima na jin numfashinta a kunne tana bin kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan... 'yar wasanmu ce... Mutmainna Ɗantala... Ku duba... lallen..."

Hannuwan suka saki.

"Mutmainna, tsaya ki ji. Tun kafin in zo ne. Na kashe data, wallahi na kashe, ban yi niyyar..."

"Ke kinka rubuta?"

"Raina ne ya ɓaci, ban..."

"Yaya. Ke kinka rubuta?"

Na'ima ta kau da kai.

"Wai mi ke faruwa?" in ji Gwaggo. "Yanzu ana guɗa, yanzu an yi tsit?"

Mutmainna ta juya ta shiga rumfar. Suna jin ta tana jan jaka daga ƙarƙashin benci. Ta fito riƙe da baƙin takalmi mai ratsin ruwan lemo, igiyoyin ɗaure da juna.

Ta sunkuya ta ajiye shi gaban ƙafafun Na'ima. Ta daidaita shi, kamar yadda ake ajiye wa babba.

"Na gode da aro," ta ce.

Ta gyara hijabinta, ta ratsa tsakanin manyan motocin. Ba hanyar gari ta bi ba. Ƙofar iyaka ta nufa, inda 'yan kabu-kabun Ɗan Isa ke jiran fasinja.

"Mutmainna!" Salmatu ta bi ta da ɗingishi. "Ke, Mutmainna!"

Wayar ta ɗauki ruri a hannun Na'ima.

Koci Maharazu.